Garwar da Ba Ta Yoyo

Makka, unguwar Misfala
Watan Rajab, 1368

Zuwa ga yayata Rumasa'u, matar Malam Isa, a Bur Sudan.

Gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wadda ta goya shi, da fatan ke da Malam kuna lafiya, ƙafar tasa kuma ta yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai zafi, shi kuwa ɗan gida ne.

Bayan haka, Yaya, nemi wuri ki zauna tukuna, don albishir biyu gare ni, na ma rasa wanda zan fara da shi.

Irin itacen nan da kika ƙunso mini a ƙyalle, wanda kika ce tsohuwar Ba'indiyar da kike wa aiki ta tsinto a gindin na gidansu, ya tsiro. Wallahi ya tsiro, a Makka, a ƙofar ɗakina! Kin ce sunansa nim. Wani mutumin Barno da ya leƙo ya ce ya san shi, an fara shuka shi can wajensu, wai tsawo yake yi kamar ba zai tsaya ba. Ni dai safe da yamma ina tsugune a gabansa, har maƙwabta sun fara tambaya ko haihuwa aka yi mini. Ke da ba ki ƙetaro ba tukuna ba za ki gane ba. Unguwar nan tamu duwatsu ne da kwano da rana, mai son ganin kore sai dai ya kalli rawanin wani.

Ban shuka a ƙasa ba, ƙasar nan tsakuwa ce zalla. A cikin Amarya na shuka. Amarya garwata ce, duk masu ɗaukar ruwa na bazan ɗinmu, wato matattarar da muke ɗiba, sun san ta, domin tun da na same ta ba ta taɓa zubar da ɗigo ɗaya ba. Na yanke mata baki, na sa mai dalma ya sake bin gindinta don ko laima kada ta tsere, na cika ta da ƙasar kwari da takin awaki. A garin da ake hawa bene da ruwa a kafaɗa, wa zai bar ruwa ya bi ƙasa?

Albishir na biyu ya fi wannan. Shehin masu ruwa ya yarda ya ba Hashimu gidajen da zai riƙa kai wa ruwa, nasa na kansa, a wajen Ajyad, gidajen mutanen kirki masu ba da shayi. Na daɗe ina bin mutumin nan, na yi gaisuwa har gwiwata ta yi kanta. Bayan hajjin bana ɗana zai ɗauki tasa zaffar, garwa biyu a sanda, mu fita tare mu dawo tare. Sandar ma na riga na sa an fere masa, tana nan jingine a bayan ƙofa, kullum sai na shafa mata mai.

Shi Hashimun bai yi tsallen da na zata ba. Da na gaya masa sai ya ce, "Ɗayyib, ya abuya," ya sa takalmi ya fita. Kin san yaran da suka tashi a nan, kana yi musu Hausa suna mayar maka da Larabci, murnarsu ma a ciki suke yin ta. Kwanan nan ya cika zama wajen masu manyan motoci a Jarwal, yana dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu, amma ƙuruciya ce, sandar za ta raba shi da ita.

To ki duba mini. Ga ɗaki na dutse ba bukkar buhu ba, ga kiran sallar Harami ina ji daga shimfiɗata, ga ɗa a gefena, ga inuwa tana tahowa. Yaya, na gama. Abin da muka baro Gwarzo muna nema ya cika, daga yau ni da damuwa mun raba hanya.

Ki gaishe da Malam. Ki yi wa tsohuwar godiya, ko da yake ban san yadda ake gode wa irinsu ba. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki,
Lurwanu mai ruwa


Bur Sudan
Watan Sha'aban, 1368

Zuwa ga ƙanena Lurwanu, maƙwabcin Ɗakin Allah.

Gaisuwa da sa albarka gare ka da ɗanmu Hashimu. Takardarka ta iso ta hannun mai jirgin da ka ba. Malam yana amsawa, ƙafar tana nan yadda ka sani, ita ce har yau ta hana mu ƙetarowa.

Na yi murna da tsiron, na yi murna da murnarka. Amma da na kai wurin da ka ce ka gama sai dariya ta ƙwace mini, har na tuntsurar da kwanon wake. Lurwanu, wannan gamawa ta nawa ke nan? Ka gama ran da ka auri Sa'adiya, Allah ya jiƙanta. Ka gama ran da muka ga kogin Nilu a Maiwurno, har ka ce a nan za a binne ka. Ka aiko cewa ka gama ran da ka ga Ka'aba, ka sake aikowa ran da ka bar bukka. Ni ban taɓa ganin mai yawan gamawa irinka ba, kuma kullum da sabon abu a bakinka.

Dariyar ce ta sa tsohuwar ta tambaye ni dalili. Sunanta Jamna, uwar maigidan da nake yi wa daka da niƙan yaji. Baniyan ake ce musu a nan, fataken Indiya ne masu addinin Hindu. Ba ta cin nama, tururuwa ma sai ta kauce mata. Larabcinta gurgu, nawa gurgu, a haka muke ɗingisa hira muna tsintar wake. Na fassara mata takardarka, ta ji daɗin labarin tsiron ƙwarai, sannan ta ce ƙanen nan nawa yana ba ta tausayi.

Na ce tausayin me, mutum yana tsalle? Ta ce malamansu na da sun zauna sun bi sawun wahalar ɗan Adam, suka ga ta ƙofa uku take shigowa. Wata daga jikin mutum da zuciyarsa take tasowa, kamar ciwo da fushi da tsoro. Wata daga sauran halitta, ko maƙwabci ko ɓarawo ko kunama. Wata kuma daga sama, irin su fari da annoba, abin da ba hannun kowa a ciki. Na ce wannan ai ko a Gwarzo an sani. Ta ce to, amma duk ukun baƙi ne, mai zare musu sakata yana cikin gida. Wai shi ne rashin sani: mutum ya ga abu mai wucewa ya ɗauka mai zama ne, ya ɗora hannu ya ce nawa ne. Daga nan sai ƙishirwa. In bai samu ba ya ƙone, in ya samu tsoron rabuwa ya hana shi jin daɗin abin.

Sai ta ce in tambaye ka wannan, kuma ga shi yadda ta faɗa: "Ɗan'uwanki mai ruwa ne. Ya taɓa kai wa wani gida ruwa suka ce masa kada ya dawo gobe, sun ƙoshi har abada?"

Kada ka ce Yaya ta bar hanya. Sallata tana nan, azumina yana nan, ɗan akwatin gumakanta ko sau biyu ban taɓa kallo ba. Amma na goya ka, na san yadda kake riƙe abu. Tun kana ƙarami in aka ba ka ɗan tsako sai an ɓamɓare yatsunka kafin ya sha iska.

Shi ya sa zan tambaye ka, kada ka ji haushi. Shehin masu ruwa ya yarda, kai ka yarda, mai fere sanda ya yarda. Shi Hashimu fa, ka zaunar da shi ka tambaye shi? Saurayin da ya kai shekarun aure in aka yi masa albishir ya sa takalmi ya fita, ni dai ban kira wannan murna ba.

Allah ya raya tsiron, ya raya mai shi. Ka sa mu a addu'a in ka shiga ɗawafi.

Yayarka,
Rumasa'u


Makka
Cikin watan Azumi, 1368

Zuwa ga Yaya Rumasa'u.

Ina gaisuwa, ya ibada, ya ƙishirwa. Allah ya karɓa mana.

Yaya, ashe har lalacewa ta kai ina zaune a Makka a aiko mini da wa'azi daga ɗakin girkin masu bautar saniya? Na karanta takardarki na ninke, na sake buɗewa na karanta, na ce ba zan amsa ba. Ga shi ina amsawa, domin bakinki ya kama ni.

Na tambaye shi. Da ma ban tambaya ba. Muna shan ruwa, ko dabinon bai haɗiye ba, ya ce shi ba zai ɗauki zaffa ba. Wai wani direba, Abdulganiyyu, Bahaushe ne na wajen Sudan, ya koya masa tuƙi tun bara ban sani ba, kuma bayan hajji za su tafi gabas, can Zaharan inda ake haƙar mai, ana neman masu jan manyan motoci. Zaharan, Yaya. Na tambaya an ce sai ka ƙure ƙasar nan kaf ka taɓa wani tekun. Ya ce ba ya so ya tafi sai da albarkata, amma ko ta yaya ba zai tsufa da kanta a kafaɗa irin tawa ba. A gabana ya faɗi haka.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce wallahi tallahi muddin ina numfashi ba zai tafi ba, in kuwa ya tafi ba da albarkata ba. Rantsuwa na yi, maƙwabta sun ji. Tun daga ranar ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Ci muke yi a kwano ɗaya kamar baƙin da suka haɗu a zango.

Ke kin san abin da na baro a hanya. Kin san inda muka binne 'yata Maryama, kin san inda muka binne ƙaramin da ko suna bai daɗe da samu ba. Sa'adiya kuwa a cikin jirgi ta cika muna hango duwatsun Jidda, wannan ba ki gani ba, ni na gani, Hashimu yana rungume a ƙirjina. Shi kaɗai na shigo da shi garin nan. Tsoro nake ji, ban ɓoye miki ba. In na rufe ido sai in ga mota kife a cikin yashi.

To ki kai wa malamar taki wannan, tunda ta iya magana. In cewa nawa ne ke kawo wahala, sai uba ya daina son ɗansa ke nan? Sai in zama dutse don kada in ji zafi? In haka ne dawwamammen daɗin nasu, su riƙe abinsu, ni na zaɓi wahalata. Ki faɗa mata haka, kada ki rage komai, ina son in ji ta inda za ta ɓullo.

Sannan ga abin da ya fi gaggawa. Tsiron ba lafiya. Ganyen ya yi rawaya, yana zubewa, biyu daga cikin waɗanda suka tsiro sun riga sun kwanta, saura ƙalilan. Na ce zafin azumi ne, na ninka musu ruwa. Ni ina ɗauke da ƙishirwa tun asuba, amma su ba su taɓa wuni da ita ba, ƙasar kullum jagab take. Duk da haka sai baya suke yi. Ki tambayar mini ita maganin wannan, tunda itacen garinsu ne. Maganin itace na ce, ban ce a ƙaro wa'azi ba.

Ki yi mini addu'a, raina a jagule yake. A gaida Malam.

Lurwanu


Bur Sudan
Watan Ƙaramar Salla, 1368

Zuwa ga ƙanena Lurwanu.

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan wannan ta same ka da sauran tsiro a raye, don na roƙi mai jirgin kada ya tsaya ko'ina da ita.

Na fara da itace kamar yadda ka ce. Jamna ta saurara, ta tambayi irin ƙasar, ta tambayi rana, sannan ta ce huda nawa ka yi wa gindin garwar. Na ɗauko takardarka ta farko na karanta mata wurin mai dalma. Lurwanu, ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi dariya irin ta ranar ba, har da riƙe ciki, har surukarta ta leƙo. Ta ce wayyo mai ruwa, wayyo mai ruwa. Tsironka ba ƙishirwa ke kashe shi ba, ruwan da ka hana fita ne ya ruɓar da saiwar. Ka samu ƙusa ka huda gindin Amarya wuri da yawa, ka ɗora ta a kan duwatsu, ka bar ƙasar ta sha iska kafin ka ƙara. Ruwa ya shiga ya wuce, abin da itacen ke so ke nan. Na san a wurinka huda garwa daidai yake da yanka ɗan akuya mai lafiya a zubar, amma ka yi yau, kada ka jira gobe.

Tambayarka kuma na kai mata ita ɗungurungum, har da dutsen. Ba ta ji haushi ba, cewa ta yi tambayar mai hankali ce, su ma an daɗe ana yin ta a cikinsu. Ta ce ba wanda ya ce kada ka so. Ba da ruwa aikinka ne, korar akuya aikinka ne, ka yi su da hannu biyu kamar ibada. Amma inda reshe zai nufa da wanda zai sha inuwar, wannan ba rabonka ba ne, ka sake shi. Wai so daban, riƙo daban, mutane ne ke cakuɗa su, sai riƙon ya cije su su ce so ne ya yi.

Na ce to shi daɗin da ba ya ƙarewa yana ina, tunda ba a ɗa yake ba, ba a gida ba? Ta nuna mini tashar jiragen ruwa ta taga. Ta ce kullum wani jirgi na shigowa wani na fita, tashar ba ta bin kowanne. Wai a cikin mutum akwai mai kallo, atman suke ce masa, yana nan tun kana yaro, ya ga murnarka ta zo ta tafi, ya ga baƙin ciki ya zo ya tafi, shi bai tsufa ba, ba ya kuma rasa komai. Wanda ya gane shi ya zauna da shi, ya daina roƙon duniya ta tsaya masa wuri ɗaya. Malam ya ce wannan ya fi ƙarfin karatunsa, batun da take yi kuma na mutum ya mutu ya dawo a wani jiki ba namu ba ne, a bar mata kayanta. Amma batun ɗa, ya ce amana ce aka ba ka ajiya, mu ma mun sani, mantawa muke yi.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ta ce in faɗa ba. Tana da ɗa, autanta, Naran. Yana Karaci lokacin da aka raba ƙasarsu shekara biyu da suka wuce aka yi ta kashe-kashe, tun daga nan ba labari. Duk jirgin da ya taso daga wajen sai ta aika a tambaya. Ranar da muka yi maganar nan, da na dawo daga shanya, na same ta tana tsintar wake hawaye na ɗiga a cikin tire. Na ce Jamna, ina tashar da ba ta bin jirgi? Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Na san maganar, Rumasa'u. Kullum da safe nake sake koyon ta. Amma ki gaya wa ɗan'uwanki, ni nawa da faɗa muka rabu, ban sa masa hannu a ka ba. Wannan ya fi rashin labarin ci mini rai."

Ban ƙara komai a kai ba. Kai ne uba, rantsuwa kuma kai ka yi ta, ka san malamai sun fi yawa a garinku.

Ka shafa mini kan Hashimu, in ya yarda. Allah ya sanyaya.

Yayarka,
Rumasa'u


Makka
Ƙarshen watan Babbar Salla, 1368

Zuwa ga yayata Rumasa'u.

Gaisuwa mai yawa, da barka da salla, da neman gafarar jinkiri. Aikin hajji ne ya sha kaina, sai yau na samu na miƙe ƙafa. Labari kuwa cike da baki, ki bi ni a hankali.

Na farko, an huda Amarya. Kada ki zata da sauƙi. Na samo ƙusa na sa a aljihu na yi ta yawo da ita, in ɗauko in mayar. Shekarun nan duka ba abin da hannuna ya sani sai toshe huda. Abokan aiki da suka ji niyyata suka ce rana ta taɓa ni, wani har ya ce in ba shi garwar ya ba ni tsohuwa. Kafin in gama shawara tsiro ya rage saura ɗaya tal, shi ma ya sunkuyar da kai.

Ran nan da hantsi ina tsugune da ƙusa da dutse, na kasa bugawa, sai ga Hashimu. Ya tsuguna ya karkata mini garwar. Na yi bisimilla na rufe ido na buga. Yaya, abin da ya fito! Wani baƙin ruwa mai wari ya tsarto mana a ƙafa, muka yi baya muna toshe hanci, sai dariya ta kama mu, mu biyu, irin wadda muka manta da ita. Na ƙara bugawa, na ƙara, har na fara jin daɗin abin. Hashimu ya leƙa cikin garwar ya ce, da Hausa fa, ba da Larabci ba, "Baba, ashe tun tuni nutsewa yake yi." Ya faɗa yana kallon tsiron. Ni dai na ji maganar har cikin ƙashina.

Yau da nake rubuta miki ya fitar da sabon ganye a kai, ja-ja, ƙanana. Na kira duk wanda ya ce rana ta taɓa ni ya zo ya gani.

Na biyu, Arfa. Ina cikin kai ruwa tsakanin tantuna, rana ta take, sai na ji ana ƙaho ana a ba da hanya. Na waiga, ga wata ƙatuwar mota cike da gangunan ruwa tana ja da baya a wani lungu da ko jaki sai ya yi tunani. Wa ke riƙe da sitiyari? Ɗanki. Kansa a waje ta taga, yana ba da umarni, mutane na darewa, ya shigar da ita tsaf ko igiyar tanti bai taɓa ba. Fuskarsa kuwa, Yaya, tun yana yaro ban ga wannan hasken a kanta ba. Na ajiye zaffa na kama hannun wani alhaji Bajawe daga gabas mai nisa da bai san ni ba, ina nuna masa ina cewa ɗana ne, ɗana ne, nawa ne. Sai da na faɗa na tuna da tsohuwarki, na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar Arfa.

Ki gaya mata wannan. Da yamma da aka tsaya addu'a, bayan na roƙa wa Sa'adiya da yaran da iyayenmu, sai na ji bakina ya ambaci Naran. Na roƙi Allah ya bayyana mata shi da rai, ya shiryi kowa. Ban shirya ba, fitowa ya yi. Maganar saniya kuma da na yi, ki bar ta a tsakaninmu.

Motarsu za ta tashi farkon sabon wata. Har yanzu ban ce masa komai ba, shi ma bai sake tambaya ba, yana dai wanke tufafinsa yana ninkewa a ɓoye, ina gani. Tsoron yana nan, Yaya, ko kaɗan bai ragu ba. Sandar ma tana nan a bayan ƙofa.

Zan tsaya nan, azumi nake yi yau. Kada ki tambaye ni na mene ne.

Ƙanenki mai yawan gamawa,
Lurwanu


Riyad
Watan Muharram, 1369

Zuwa ga Gwaggo Rumasa'u.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba Malam. Ni ne Hashimu. Abdulganiyyu ke rubuta mini, don Hausata ba ta kai ta takarda ba, ki yi haƙuri da ita. Mun yada zango a nan, gobe sai gabas.

Ran da za mu tashi na fita ban yi wa Baba sallama ba, na kasa. Mun ta da mota a Jarwal ke nan sai ga shi a guje da zaffa, ruwa na fantsama. Ya ce a buɗe masa bakin injin, shi zai ba ta ruwa da hannunsa. Ya cika ta, ya cika mana salkuna. Sannan ya ce ya yi azumin kaffara, rantsuwarsa ta warware, in durƙusa. Ya ɗora mini hannu a ka a gaban kowa ya sa mini albarka, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Da ya ɗauke ya ce, "Tafi. Ka dawo ka ga tsawon itacen."

Na kalle shi ta madubi har muka sha kwana. Yana tsaye da garwa biyu ba ruwa, bai kira ni ba.

Gwaggo, ki riƙa rubuta masa, shi kaɗai ne yanzu.

Sannan ina da tambaya. Abin da na daɗe ina so na samu, ga mota, ga hanya, ga albarka, wallahi ina murna. Amma tun Ɗa'if wani abu ya tokare mini ƙirji, ba abin da nake so sai in ga Baba tsugune gaban garwar nan. Ya ba ni labarin tsohuwar da kike wa aiki. Ki tambayar mini ita, wannan ta wace ƙofa ya shigo, kuma a ina ake huda shi.

Wassalam.

Ɗanki,
Hashimu